Yadda A Ke Yanka Gungume Mai Gwafa a Ƙaramin Injin Katako

 

Maganarmu ta yau a kan itace ce. Ƙananan injunan yanka katako sun yawaita, har akwai waɗanda a ke ja da mota a kai su bakin gona. Saboda haka manomin da iska ta kayar masa da madaci, ko wanda ya sami izinin sare tsohon itacen da ya bushe a tsaye, ba tilas ne ya rabu da shi a banza ba. Yana iya kai shi inji a fitar masa da katako. To, amma akwai wuri guda a jikin itace da kusan kowa ke yarwa, watau gwafa, inda gindi ya rabu ya zama manyan rassa biyu. Mai inji ba ya sonta domin tana ba shi wahala, manomi kuwa ya kan bar wa masu gawayi. Alhali in an dace da gwafa mai lafiya, aka kuma kwantar da ita daidai bisa gadon inji, a nan ne a ke samun falanki mafi faɗi da mafi kyaun zane a itacen duka.

Kafin mu shiga aiki, a tuna da doka. Ko a gonarka itacen ya ke, ka ga malamin daji na yankinku tukuna, ka karɓi takardar izini, a buga wa gungumen hatimin guduma. Ba tare da wannan ba ana iya tsare katakon a hanya. Ku sani kuma madobiya ta shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke lura da cinikin itatuwa da dabbobi tsakanin ƙasashe, tun 2017, saboda irin saran da aka yi mata ana kai wa ƙasar Sin. A taron da aka yi a Panama cikin 2022 an ƙara da madaci da kawo. Ɗorawa da kaɗanya kuwa, in suna da rai, ni ba na ba kowa shawarar ya taɓa su. Kalwa da man kaɗe na kowace shekara sun fi katakon rana ɗaya.

Me ya sa katakon gwafa ya bambanta? A miƙaƙƙen gindi jijiyoyin itace suna tafiya ne a jere, kamar kara a cikin dami. Da sun iso gwafa sai su rabu, waɗansu su bi wannan reshe, waɗansu su bi wancan. Kowace damina rassan biyu suna ƙara kauri, sabon itacen wannan ya matsi na wancan a tsakiya, babu wurin tafiya, sai jijiyoyin su nannaɗe su sarƙe da juna. Wannan sarƙewa ita ce ke fitowa a fuskar falanki kamar gashin tsuntsu, ko kamar harshen wuta, tana walƙiya in an goge an shafa mai. Kafintocin Turai sun daɗe suna neman irin wannan katako, su yanyanka shi siriri kamar takarda su manna bisa ƙofofin kabad. Amma sarƙewar nan da ta ba shi kyau ita ce kuma ke sa zarto ya kauce, ita ce ke sa falanki ya murɗe ko ya tsage wajen bushewa.

Gwafa iri biyu ce, kuma tun itacen yana kwance a gona za ka gane wadda ka samu. Ta farko buɗaɗɗiya ce, tsakiyarta kamar sirdi, ɓawon wurin ya tattaru ya taso waje kamar ƙaramar kunya. Wannan alama ce cewa rassan sun haɗe sosai, itace ne zalla a ciki. Ita mu ke nema. Ta biyu matsattsiya ce, kamar almakashin da aka ɗan buɗe. Za ka ga ɓawon ya lanƙwashe ya shige ciki, an sami tsagi mai bin jikin gindin ƙasa, wani lokaci da kumburi a gefe da gefe, ko wani baƙin ruwa yana tsattsafowa. A irin wannan ɓawo ne ya maƙale tsakanin rassan, ba su taɓa haɗewa ba, jingina kawai su ka yi. In ka yanka ta, kowane falanki zai fito da baƙin layi a tsakiya, da ya bushe kuwa sai ya rabu biyu a hannunka. Ka ɗauki sandar ƙarfe ka zura cikin tsagin ka ga iyakar zurfinsa. Ka bugi wurin da bayan gatari. Itace mai lafiya amonsa a tsaye ya ke, ruɓaɓɓe kuwa ya kan yi ƙara kamar ganga. In ƙarfen ya nutse nesa, kada ka ɓata kuɗin inji. Datse gindin daga inda tsagin ya ƙare, ka yi katakonka da shi, sauran a sassaƙa turmi ko a yi makamashi.

Bari mu ɗauki misali domin maganar ta zauna. A ce madaci ne, kaurin gindinsa inci 20, ya miƙe ƙafa 15 kafin ya rabu, reshe ɗaya kaurinsa inci 13, ɗayan inci 11. Kada a ɗora shi dukansa bisa inji. A datse ƙafa 12 daga ƙasa, wannan shi ne gungumen falanki irin na kasuwa, yankansa ba wuya. Sauran ƙafa 3 a bar su tare da gwafar. Nan ne mutane ke kuskure, su datse dab da gwafar domin su ƙara tsawon gindi. Zanen nan ba a cikin rassan ya ke ba, ƙarƙashin sirdin ya ke, yana gangarowa cikin gindi kamar ƙafa 1 zuwa 2, gwargwadon girman itacen. Wanda ya datse dab da gwafa ya raba zanen biyu ke nan, bai ci na sama ba bai ci na ƙasa ba. Rassan kuwa a bar musu kamar inci 8 zuwa ƙafa 1 bisa sirdin, sauran a cire.

Da an datse, a ranar nan, a shafe bakunan duka uku, da na dogon gungumen ma. Ruwa yana fita ta bakin itace fiye da sau goma bisa yadda ya ke fita ta jikinsa, shi ya sa bakin ke fara tsagewa. Narkakken kakin zuma ko na kyandir ya fi kome. In babu, fenti mai kauri shafi biyu, ko farin gam na kafintoci. Kuma kada gungumen ya yi watanni a ƙasa yana jiran inji. Ɗanyen itace ya fi sauƙin yanka, gara kuwa ba ta jiran kowa.

Sai tsabtace gwafar, kuma wannan aikinka ne, ba na mai inji ba. Ku tuna abin da mu ke yi da gwafar itacen gona. A nan a ke ɗora harawa da rani, a nan a ke ɗaure amya, sau da yawa da waya, a nan yara ke jefa duwatsu, wani ya buga ƙusa ya rataya gora shekara ashirin da su ka wuce. Itace ya kan haɗiye duk waɗannan. Ga kuma yashin da iska ta tara a wurin shekara da shekaru. A ɓare ɓawon da gatari a duk inda zarto zai shiga, a ƙwaƙule sirdin, a wanke da ruwa da tsintsiya. In ka ga tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a bakin gungume, yawanci akwai ƙarfe a ciki bisa wannan layi, sai a bi shi a tono. Ƙusa ɗaya ta isa ta zubar da haƙoran zarto. Domin haka ku yi magana da mai inji tun kafin a tayar: in zarto ya ci ƙarfe, wa zai biya? Kuma da me a ke biyan aikin, da yawan yanka ko da awa? Gwafa tana cin lokaci, in ba a yi wannan magana da wuri ba za a yi ta da faɗa daga baya.

Game da injin kansa, wanda ya dace da wannan aiki shi ne mai siririn zarto kamar ɗamara, wanda ke gudu a kwance, gungume yana zaune wuri ɗaya, kan inji ne ke tafiya bisa dogo. Kada a yarda a tura gwafa bisa teburin nan mai zarto kamar faifai. Ba ta da gefen da za ta kwanta, tana iya juyawa ta cije zarton ta dawo wa mai turawa. Zarto mai sarƙa, irin na saran itace, yana yi in an ɗaura masa majagaba, sai dai yana da ci. Mai ɗamara ya kan ci kamar kashi 1 cikin 8 na inci a kowane yanka, mai sarƙa kuwa kamar kashi 3 cikin 8. A kaurin inci 20, in falanki mai inci 1 a ke fitarwa, bambancin ya kai falanki uku da su ka zama gari.

Kowane inji yana da iyakar faɗin da zartonsa ke iya ratsawa. A ƙananan injuna abin ba ya cika wuce inci 24 zuwa 30 ba. Ka sa mai inji ya buɗe 'yan tayoyin da ke riƙe zarto har iyakarsu, ka auna tsakaninsu da tef da hannunka. Gwafar misalinmu, daga bayan wannan reshe zuwa bayan wancan, tana iya kai inci 32. In bakin injin inci 26 ne, sai a rage. A ja layi da alli, a sassabe bayan kowane reshe inci 3 da zarto mai sarƙa ko da gatari. Ba a yi hasarar kome ba, domin zanen yana tsakiya. Waɗansu su kan tsaga gwafar biyu ta tsakiyar sirdi domin ta shiga. Wannan kam ɓarna ce, an bi ta kan abin da a ke nema.

Wajen ɗorawa a yi hankali ƙwarai. Ɗanyen gungume mai kaurin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 8 nauyinsa ya kusa buhu 7 na masara. Gwafa ba ta kai haka ba, amma ta fi haɗari, domin ba ta mirginawa sumul. Ta kan tsaya bisa reshe ɗaya, sa'an nan ta faɗo gaba ɗaya. A yi amfani da sanduna da sarƙa, kowa ya tsaya ta baya, kada wani ya sa ƙafa ko hannu a ƙarƙashi.

Yanzu ga muhimmin wurin, ku saurara da kyau. A kwantar da gwafar rassanta biyu suna kwance gefe da gefe bisa gadon inji, kamar mutum ya kwanta rigingine ya buɗe ƙafafu. Kada a tsayar da ita reshe ɗaya sama ɗaya ƙasa. In an yi haka zarto zai wuce ba tare da ya buɗe zanen ba, falankan kuma su fito gajeru marasa ƙarfi.

Bayan haka a dubi bakunan uku. Kowane baki yana da cibiya, watau ɗan ɗigon nan na tsakiya da zobban itace ke kewayewa. Abin da a ke so shi ne cibiyoyin uku su yi tsayi ɗaya daga gadon inji. A misalinmu cibiyar gindi tana inci 10 daga gado. Ta babban reshe tana inci 6 da rabi, ta ƙaramin tana inci 5 da rabi. To sai a ɗaga babban reshe a sa masa katako mai kaurin inci 3 da rabi a ƙarƙashi, ƙaramin a sa masa mai inci 4 da rabi. A sake aunawa da tef, kada a dogara ga ido. Cibiya ba kullum ta ke tsakiyar baki sosai ba, musamman a reshe, saboda haka daga cibiyar a ke awo.

Dalilin wannan wahala biyu ne. Na ɗaya, duk katakon da cibiya ta ratsa sai ya tsage. In cibiyoyin uku suna layi ɗaya, falanki ɗaya kaɗai za su shafa. In kuwa an bar gwafar a karkace, cibiya za ta bi ta cikin falanki uku ko huɗu ta ɓata su duka. Na biyu, zanen ya fi cika a falankan da ke dab da wannan layi, sama da ƙasa. Da ana nisa da shi zanen yana raguwa, har ya ɓace.

In an daidaita, a datse ta da weji ta ko'ina, a ɗaure da ƙugiyoyin inji har ta daina motsi ko an girgiza. Kafin a tayar da inji a tura kansa a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, zarto yana sama, a ga ko akwai inda zai gogi reshe ko ƙugiya. Ni na fi son ɓangaren rassan ya fuskanci zarto, domin in faɗin zai gagara a sani tun farkon yanka, ba sai an yi nisa zarto ya maƙale a ciki ba. A sa sabon zarto, ko wanda aka wasa yanzu. A yanke bayan sama har a sami fuska shimfiɗaɗɗiya mai faɗin da za ta iya zama a kai. Sa'an nan a kashe inji, a kife gwafar bisa wannan fuska, a cire katakan da aka tokara da su, a sake ɗaurewa. Daga nan ta zauna daram, sai a riƙa yanka daga sama zuwa ƙasa ba tare da an sake juya ta ba.

Kaurin falanki kada ya gaza inci 2, in da hali 2 da rabi. Na san manomi zai so a yi sirara domin su yi yawa, amma falankin gwafa mai inci 1 ya kan bushe kamar ganyen da rana ta ƙona. Mai kauri ma sai ya ɗan lanƙwashe, kafinta zai goge kamar rabin inci kafin ya miƙe. A lissafa yankan tun daga sama yadda layin cibiyoyi zai faɗa tsakiyar falanki ɗaya, kada zarto ya bi ta kansa. Wannan na tsakiya daga baya a tsage shi a fitar da cibiyar, a yi ƙafafun tebur ko kujera da abin da ya rage.

Mai tura inji ya rage sauri in ya iso sirdi. Jijiyoyin wurin suna fuskantar ko'ina, in aka matsa wa zarto sai ya riƙa hawa da sauka, fuskar falanki ta fito da tudu da kwari. Kunne ya kan gaya maka: da ƙarar inji ta sauya, an yi gaggawa. A bar ruwa yana ɗiga bisa zarto, da ɗan sabulu a ciki, domin ƙaro ya daina manne masa. A riƙa cusa ƙananan weji a bayan zarto domin nauyin falanki kada ya danne shi. Wani lokaci za ku ga falanki ya ɗaga ko ya buɗe da kansa tun zarto bai fita ba. Reshe ya yi shekaru yana ɗauke da nauyinsa a karkace, ƙarfin nan yana ɗaure a ciki, yankan ne ya sake shi. Saboda wannan dalili ne dogayen rassan da aka cire ba su yin katako mai tsawo, ko sun yi kauri. A yi ƙota da su, ko taɓarya in kirya ce, ko guntayen katako.

Ban da babbar riga ko rawani mai jela kusa da inji. A rufe hanci da baki, garin madaci yana sa atishawa da ƙaiƙayi. Yara su yi nisa, kada kuma kowa ya tsaya ta inda gari ke fita, nan ne zarto ke bi in ya tsinke. Ba a share gari da hannu sai inji ya tsaya cik.

Kowane falanki da ya sauko a rubuta masa lamba da alli ko gawayi, 1, 2, 3, bi da bi. Biyun da ke maƙwabtaka, in an buɗe su kamar littafi, zanensu ya kan yi daidai da juna, dama da hagu. Kafintan da ya san aiki zai biya su tare fiye da yadda zai biya su ɗai-ɗai, domin fuskar tebur ko ƙyauren ƙofa.

Shanya ita ce rabin aikin, kuma a ƙasarmu ta arewa abin tsoro shi ne saurin bushewa. Kada a jingina falankan a bango cikin rana yadda a ke yi a kasuwar katako. A sami inuwa, rumfa ko zaure mai shan iska. A jera bulo, a ɗora ƙarafa ko miƙaƙƙun katakai, tsayin ƙafa 1 da rabi daga ƙasa, a tabbata shimfiɗar ta daidaita, domin falanki ya kan ɗauki siffar abin da ya kwanta a kai. Tsakanin falanki da falanki a sa busassun 'yan sanduna masu kaurin inci 1, tazarar inci 18, kowace sanda bisa saitin ta ƙarƙashinta, da guda dab da kowane baki. A jera su bisa lambarsu. A sama a ɗora nauyi sosai, bulo ko duwatsu, sa'an nan kwano ya rufe. A sake shafe bakunan. Wurin zanen ma a shafa masa kaki ko gam siriri, fuska biyu, domin a nan jijiyoyi da yawa bakinsu ne ke waje, ruwa yana gudu ta nan kamar ta bakin gungume.

In da hunturu aka yanka, a kewaye tarin da zana, musamman ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa, har sati shida ko takwas na farko su wuce. In da damina ne a buɗe gefuna iska ta ratsa, in ba haka ba katakon zai yi fumfuna ya yi baƙi. A riƙa leƙa ƙarƙashi kowane sati saboda gara, a rushe duk hanyar da ta fara ginawa bisa bulo.

Yaushe ya bushe? Falanki mai inci 2 ya kan ɗauki watanni, na gwafa kuwa gara a ba shi shekara guda, ya ga damina ya ga rani. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce sikeli. Zaɓi falanki ɗaya daga gefen tari, ka auna shi bisa sikelin awon hatsi, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa. Ka maimaita kowane wata. In ya yi wata biyu a jere cikin rani nauyin bai ragu ba, ya isa aiki.

Abu guda kuma da tilas in faɗa, domin ya shafi rai. Mun saba ganin gwafa tana ɗauke da rumfa shekara da shekaru, sai mutum ya zaci katakonta ma haka ya ke da ƙarfi. Gwafa tana da ƙarfi ne muddin tana ɗungurungum. Da an tsaga ta, jijiyoyin sun zama guntaye, waɗansu ma a gicciye su ke. Saboda haka kada a fitar da katakon rufi daga gare ta, irin wanda kafintoci ke kira tu-bai-fo, kada a yi tsani da ita, ko gadon amalanke. Waɗannan a ɗebo su daga miƙaƙƙen gungumen nan mai ƙafa 12. Na gwafa a kai wa masu yin tebur da ƙofa da kan gado, kuma kafin a faɗi kuɗi a ɗan goge wuri guda a shafa ruwa, mai saye ya ga zanen da idonsa.